Daga Ramukan Zinare na Mayo Rai zuwa Tafkin Lagdo

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce. A Garwa, a arewacin Kamaru, nake da rumfa, kuma yawancin masu kawo mini aiki manoman albasa ne da masu lambu na bakin Binuwai. A 'yan shekarun nan sai ga wasu sababbin masu ciniki sun shigo, masu haƙar zinare na yankin Mayo Rai, waɗanda injinansu ke zuwa cike da jan laka har cikin fanka. Wani Alhaji mai sayen zinare a can, abokin mahaifina tun suna samari, shi ya aiko a kira ni. Ya ce injinansa sun tsaya a daji, kuma ɗauko su zuwa gari ya fi kai makanike tsada, don haka in haɗa kayan aikina mu tafi. Bazara ta fara kankama a lokacin, zafin Garwa ya kai inda kowa ke kwana a tsakar gida.

Bayan sallar asuba muka haye gadar Binuwai muka kama titin Ngaundere. Har Ngong babu abin da muke wucewa sai manyan motocin kamfanin auduga na SODECOTON maƙare da auduga, farar ƙurarta ta manne a kan ƙayoyin gefen hanya. A Gijiba muka rabu da kwalta muka yi gabas. Daga nan hanya ta bi ta gefen gandun dajin Binuwai, mai faɗin hekta 180,000, wanda gwamnati ta mayar da shi cikakken gandun ƙasa a 1968. Birai na zaune a tsakiyar hanya, ba sa tashi sai mota ta kusa taka su. Da muka iso inda hanya ta sake ƙetare Binuwai na roƙi direba ya tsaya. Ni da na tashi ina ganin kogin nan da faɗinsa a Garwa, a nan sai na same shi rairayi da duwatsu, da gurbin ruwa nan da can, ana iya ƙetare shi da ƙafa. Alhaji ya nuna mini wasu tsibin tsakuwa can nesa a cikin rairayin, ya ce: "Ɗana, ka ga waɗancan? Ba ruwa ya tara su ba, hannun mutane ne."

A Collire muka kwana. Ƙasar Lamiɗon Rai Buba ce, kuma baƙo ba ya shiga daji a wajen nan sai ya bi ta hannun manya. Da safe muka je muka gaida jauron ƙauyen da sansanin ke ƙarƙashinsa, Alhaji ya miƙa goro, sannan muka hau babura.

Sansanin gari ne sosai, sai dai na leda da zana. Akwai mai shayi, mai tsire, mai cajin waya da faifan sola, mai sayar da fetur a kwalabe, da masallaci da aka kewaye da duwatsu. Kunnenka zai ji Fulatanci, Bayanci (yaren ƙabilar Baya), Larabcin Chadi da Faransanci, amma ciniki da Hausa ake yin mafi yawansa, domin masu sikelin sayen zinare, mahauta da masu tireda kusan duk namu ne: na Garwa, na Marwa, 'yan Nijar, da waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya. Aikin iri biyu ne. Wasu na tonon rairayi da tsakuwa a cikin kwarin rafin. Wasu kuma na shiga rami a tudu su faso farin dutse, a farfasa shi da guduma, a kai injin niƙa ya zama gari. Duka biyun a wurin wanki suke haɗuwa. An kafa dogon katako a karkace, an shimfiɗa masa kafet, ana zuba ƙasa daga sama, injin yana kwararo ruwa. Mai nauyi ya maƙale a kafet, sauran ya gangara.

Wannan sauran shi ya fara ɗaukar hankalina, domin a bakinsa nake aiki. Injin yana jan ruwa daga gurbi, ruwan ya wanke ƙasa, ya dawo cikin gurbin nan dai, kaurinsa kamar kunun kanwa. A gefe ɗaya mata na wanke tukwane, yara na iyo, can ƙasa kaɗan Fulani na shayar da shanu. Injinan ba wani abu ya kashe su ba illa lakar nan, ita ta cinye fanka ta cinye roba. Na ce a raina abin da ya ci ƙarfe haka, me zai yi wa matattarar kifi da ƙwansa?

Da la'asar na zauna kusa da wani saurayi ina kallon yadda ake kama zinaren. Ya kakkaɓe kafet a cikin baho, ya yi ta jujjuya kasko a ruwa har ya rage baƙin yashi kamar cikin tafin hannu biyu. Sai ya ciro wata 'yar kwalbar magani daga aljihu, ya ɗiga zaiba a cikin kaskon, wato ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da ke kama ƙwayoyin zinare. Da yatsunsa tsirara ya yi ta murzawa, zaibar na gudu tana rarrabuwa ƙanana-ƙanana tana sake haɗewa. Ya tattara ta a cikin wani tsumma, ya murɗe, ya matse da ƙarfi, har da sa haƙori ya ja bakin tsumman. Zaibar da ba ta kama komai ba ta tsattsafo ta koma kwalba, a cikin tsumman kuma aka bar wani ɗan dunƙule mai launin toka, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ruwan kaskon, da baƙin yashin da ya saura, da 'yan ƙwayoyin zaibar da suka yi ƙanƙanta har ido ba ya riƙe su, ya watsa su cikin gurbi ya miƙe.

Na bi shi rumfar Alhaji. A can wani dattijo ne ke ƙonawa. Ya ɗora dunƙulen a cokali, ya sa a garwashi, ya sunkuya yana hurawa da baki. Cikin ɗan lokaci launin toka ya gushe, rawaya ta fito, aka ɗora a sikeli. Kusan rabin nauyin dunƙulen nan zaiba ce, kuma duk ta tashi ta bi iska a cikin rumfar da ba ta da taga. Tiririnta ba shi da wari, ba shi da launi, shi ya sa ba wanda ke kawar da kai. Da aka kawo shayi na ga hannun dattijon yana rawa har kofi na bugun haƙoransa. Na ce: "Baba, tun yaushe hannun ke yin haka?" Ya ce tsufa ne, da kuma yawan shayi. Ban ja da shi ba a gaban mutane. Amma rawar hannu, ciwon dasashi, mantuwa, saurin fushi da rashin barci, duk suna cikin alamomin da likitoci suka sani ga mai shaƙar tiririn zaiba, kuma tana taɓa ƙoda. Daga baya na keɓe da Alhaji na roƙe shi ya kai dattijon asibiti a duba fitsarinsa, don ta fitsari ake gane irin wannan.

Mutumin da ya fi buɗe mini ido a tafiyar nan wani Bazamfare ne mai kula da injin niƙa, ɗan ƙasar Anka. Shi kaɗai na gani yana yayyafa wa dutse ruwa kafin ya zuba a inji, kuma ba ya barin yaro ya matso. Idan ya tashi aiki sai ya tuɓe kayan aikin ya rataye a nan, ya yi wanka, sannan ya shiga bukkarsa. Da dare, muna zaune a wajen mai shayi, na tambaye shi dalili.

Ya ce: "Malam, ni na ga 2010 da idona."

Shekarar da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara ke nan, irin su Dareta, Yargalma, Abare da Bagega. Dutsen zinaren can yana ɗauke da dalma, mutane suka riƙa kai shi gida mata na daka a turmi, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ya ba ni labarin yadda aka yi aikin tsaftacewar, kuma na saurara da kyau don shi ne karo na farko da na ji daga bakin wanda ya riƙe shebur a ciki. Ya ce gida-gida aka bi. A fitar da kaya, a zo da wata na'ura ta hannu a ɗora a ƙasa ta nuna yawan dalmar, sannan a kankare saman ƙasar, kamar kaurin yatsu uku, a zuba a buhuna, a kai wani babban rami da aka haƙa bayan gari a binne. A sake aunawa. In ta yi kyau a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa a daɓe. Har kududdufan gari sai da aka bi. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma ba sa fara ba yaro maganin fitar da gubar sai an gama tsaftace gidansu, don in ya sha magani ya koma cikin ƙurar nan aikin banza aka yi. Bagega, wadda ta fi girma, sai a 2013 aka samu kuɗin yi mata. Ya ƙara da cewa bayan duk wannan, a 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara suka sake mutuwa.

Na ce masa to ai dalma daban, zaiba daban. Ya ce haka ne, dalma a jikin dutse take zuwa, zaiba kuwa mu muke sayo ta da kuɗinmu mu kawo. "Amma ka ga tsakar gida tana tsayawa wuri ɗaya ka kankare ta. Wannan," ya nuna wajen rafin da haɓarsa, "ruwan farko in ya sauka, ina za ka bi shi da shebur?"

Maganar nan ita ta hana ni barci. Zaiba ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa ta ƙare, wuri kawai take sauyawa. Duk tarin lakar da na gani a bakin gurbi, yau tana inda mutum zai iya kwashe ta da baro. Wata biyu ko uku nan gaba rafin zai cika ya kwashe ta ya kai kogin Mayo Rai, Mayo Rai kuma ya kai ta tafkin Lagdo. An taɓa tsaftace ƙasan ruwa daga zaiba a duniya, amma a dubi abin da ya ci. A garin Minamata na Japan wata masana'anta ta yi shekaru tana zubar da ruwan dattinta mai ɗauke da zaiba a wani lungun teku. A 1956 aka tabbatar a hukumance da cutar da hakan ya haddasa: masunta da iyalansu, hannu da ƙafa su mutu, gani ya ƙuntata, magana ta harɗe, a haifi jarirai da naƙasar ƙwaƙwalwa alhali uwayen ba su nuna ciwo sosai ba. Daga 1977 zuwa 1990 aka yi ana zuƙo lakar, kimanin kubik mita miliyan 1.5, aka killace ta da bangon ƙarfe aka rufe da ƙasa, har wurin ya zama fili na hekta 58. Ragar da aka kewaye lungun da ita don kada kifinsa ya fita, sai a 1997 aka cire ta. Wannan Japan ke nan da dukiyarta, a ɗan lungu guda. Mu kuwa kwari ne da ya taso daga tsaunukan Adamawa ya yi tafiyar kilomita 1,400.

Don haka a ganina aikin tsaftace Binuwai a bakin ramin wanki yake, kuma lokacinsa rani ne.

Da na gama gyaran injinan na faɗa wa Alhaji cewa in aka ci gaba da jan ruwan lakar nan, kafin wata ya zagayo za su sake tsayawa. Ta wannan ƙofar na shiga, domin maganar asarar kuɗi ta fi saurin shiga kunne. Muka tara masu wankin da ke aiki da injinansa, ni da Bazamfaren, muka haƙa ramuka uku a jere a kan tudu, nesa da bakin rafi, kowanne yana tsiyaya cikin na gaba ta 'yar ƙaramar kwata. Ruwan wanki ya faɗa na farko, laka mai nauyi ta kwanta. Ya wuce na biyu, ta ƙara kwantawa. A na uku muka sa bakin tiyon injin, ya ja ruwan ya mayar kan katako. Ruwa ɗaya ke zagayawa, rafi ya huta, fanka ta huta. Lakar da ta taru kuma a kwashe ta a mayar cikin tsofaffin ramukan da aka gama da su a tudu, a rufe da baƙar ƙasar sama. Ramukan nan da ake bari a buɗe su kansu bala'i ne, suna cika da ruwan sama su ci yara su ci shanu, kuma a gabashin Kamaru, wajen Betare-Oya, an sha binne mutanen da suka faɗa irinsu. Jauron da muka gaida ya riga ya yi mana kukan shanun da suka karye a ciki.

Sai maganar zaibar kanta. Muka yanka durom gida biyu muka ajiye a inuwa, aka yi yarjejeniya cewa duk mai murza zaiba a cikinsa zai yi, ba a gurbi ba, kuma abin da ya kwanta a gindin durom ba za a zubar ba. Bazamfaren ya dage kan abu biyu. Na farko, kada a zuba zaiba cikin ɗanyen gari gaba ɗaya ko cikin injin niƙa, a bari sai an wanke an rage shi zuwa baƙin yashi, domin zubawa a ɗanyen gari ita ta fi ɓarnatar da ita, ta farfashe ta bi laka. Na biyu, kada a sayar da tsohuwar lakar da ta sha zaiba ga masu jiƙa ta da sinadarin sayanayid don tatsar ragowar zinare, saboda sayanayid yana narkar da zaibar ya sa ta bi ruwa cikin sauƙi. Duka biyun suna cikin ayyukan da yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta ce a kawar da su, tare da ƙona dunƙule a fili da ƙona shi a inda mutane ke kwana. An amince da yarjejeniyar a 2013, ta fara aiki a 2017, kuma Kamaru, Chadi da Najeriya duk suna ciki.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne tukunyar ƙonawa, don wannan aikin hannuna ne. Na sami guntun bututun ƙarfe baƙi, da gwiwa, da murfi mai zare. Dunƙule ya shiga cikin murfin, a ɗaure, a sa wannan gefen a wuta, dogon gefen kuma ya gangara ƙasa an naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, bakinsa na kan kwanon ruwa. Zaiba tana tafasa a digiri 357, zinare kuwa sai ya haura 1,000 kafin ya narke, don haka ita ke tashi ta bar shi, ta bi bututu, ta huce, ta ɗiga cikin ruwa. Muka gwada a fili, bayan sansani, iska na kaɗawa daga bayanmu. Masu zinaren suka kewaye mu, kowa ya ƙura ido, domin tsoronsu ɗaya ne: abin da ba sa gani yana iya cinye musu zinare. Da ɗigon farko ya faɗo cikin kwanon yana ƙyalli, sai wani ya yi salati. Mai dunƙulen ya kai hannu zai kwance murfin, na riƙe shi, na ce sai ya huce sarai, in ba haka ba tiririn da muke gudu shi zai bugi fuskarsa. Da aka buɗe aka auna, nauyin zinare ya fito yadda suka saba gani. Alhaji ya ɗaga kwanon ya daɗe yana kallon zaibar da ta dawo, ya ce: "Ashe kuɗina nake ƙonawa duk shekarun nan."

Ba zan ɓoye ba, wasu ba su karɓa ba. Sun ce yana cin lokaci, yana cin gawayi, kuma mai ɗan ƙaramin dunƙule da ke son kuɗin tuwon dare ba zai jira ba. Suna da gaskiyarsu. Shi ya sa nake ganin nauyin a kan masu sikeli yake, mu Hausawa ke nan galibi, tunda a rumfunanmu ake ƙonawa. In mai saye ya ce ba ya karɓar zinare sai wanda aka ƙona a tukunya, magana ta ƙare. Kuma tukunyar ma mataki ne kawai. Akwai wuraren da suka bar zaiba gaba ɗaya, kamar wasu masu haƙa a arewacin Filifin, waɗanda ke tace yashin sosai sannan su narka shi da boraks, hodar nan da maƙeran zinare suka sani.

Doka kam akwai ta. Ma'aikatar ma'adinai ta Kamaru ta hana amfani da zaiba da sayanayid a haƙar ma'adinai tun 2019, kuma dokar ma'adinai ta 2016 ta tanadi asusun gyara wuraren da aka gama haƙa, kafin a sake sabuwar doka a 2023. Ina goyon bayan hanin. Sai dai hani shi kaɗai, ba tare da an nuna wa mutum wata hanyar kama zinarensa ba, yana mayar da ƙonawa cikin bukka ne da dare, kusa da mace mai ciki da jariri, wanda ya fi na fili muni. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba wajen sakin zaiba a iska, kusan kashi 38 cikin ɗari na abin da ɗan Adam ke saki. Miliyoyin talakawa ne ke ci daga wannan sana'a, kuma fari da tsadar taki ne suka koro da yawansu daga gona. Kora ba za ta raba su da ita ba.

A hanyar dawowa na sauka kusa da Ngong na shiga motar Lagdo, don in gaida ƙanin mahaifiyata da ke kamun kifi a can tun ina yaro. Madatsar ruwan Lagdo, wadda ta tare Binuwai, tana da nisan kilomita 50 ko sama da haka daga Garwa. 'Yan ƙasar Sin ne suka gina ta tsakanin 1977 da 1982, da injina huɗu masu ba da megawat 72, kuma ita ce uwar wutar lantarkin arewacin Kamaru. Tafkin ya haura murabba'in kilomita 500, da duwatsu tsaye a tsakiyarsa da dorinai a lungunansa. Da ya cika sai masunta suka yi ta zuwa, Kotoko da Musgum daga wajen Logon, Hausawa, Barebari, Jukunawa, har da 'yan Mali. Daga bakin ruwan nan ake loda kifi zuwa Garwa, Ngaundere da kasuwannin Najeriya.

Na tarar da Kawu yana ɗinkin koma a inuwar kwalekwale, matarsa na jera tarwaɗa a kan wayar banda, hayaƙi ya rufe tsakar gidan. Bayan gaisuwa da cin tuwo na ba su labarin inda na fito. Na yi musu bayanin abin da ke faruwa da zaiba in ta kwanta a ƙasan ruwa mai zurfi, inda iska ba ta kaiwa: akwai ƙwayoyin halitta a cikin laka da ke juya ta zuwa wani nau'in da ke shiga tsoka ya zauna. Ƙananan halittu su ɗauka, ƙananan kifi su ci su, manya su ci ƙanana, a kowane hawa tana ƙara taruwa. Shi ya sa karfasa mai cin ganye da gansakuka ba ta tara ta kamar giwan ruwa ko tsage, masu cin 'yan uwansu, kuma tsohon babban kifi ya fi ƙarami. Madatsar ruwa kuwa a ko'ina take tana tare laka, tana kuma samar da irin ƙasan da wannan juyin ke so.

Fuskar Kawu ta canza. Ya ajiye allura ya ce: "Kai yaro, ka san abin da kake faɗa kuwa? In maganar nan ta shiga kasuwa, wa zai sayi kifinmu?"

Na ce: "Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Ban zo in ɓata wa kowa kasuwa ba, kifin nan da shi aka raine ni. Cewa nake a auna, tun abin yana hannu."

Inna, matar Kawu, ita ta tambayi abin da ya fi muhimmanci. Ta ce to in an yi banda, ko an soya da kyau, ba ta fita? Na ce ba ta fita, wuta ba ta taɓa ta, gishiri ba ya taɓa ta, wanki ma haka. Amma ba a ce a bar kifi ba, don shi ne naman talaka kuma yana gina jikin yaro. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su fi karkata ga karfasa da ƙananan kifi, su rage manyan masu farauta. Awon kuma ba wani abu ne mai wuya ba: 'yar tsokar kifi daga kowane iri, laka daga bakin inda Mayo Rai da Binuwai ke shigowa, da ɗan silin gashin kai daga masu cin kifi kullum, domin gashi yana riƙe shaidar abin da aka ci watanni baya. Akwai ma'aunin da duniya ta daɗe tana amfani da shi, rabin miligiram na zaiba a kilo ɗaya na kifi, da miligiram ɗaya ga manyan masu farauta. In an auna aka ga lafiya lau, masunta sun samu hujjar kare kasuwarsu. In an ga ta fara hawa, an san rafin da za a bi a tare ta.

Kawu ya yi shiru, sannan ya kawo nasa kukan, wanda ya girmi nawa. Ya ce wuraren da a da sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, yanzu da rani kwalekwale na kafewa a laka. Noman bakin rafi, saran itace da haƙar zinare duk suna turo ƙasa cikin tafkin, kuma kowace laka da ta kwanta ta rage wurin ruwan da ke juya injinan wuta da wanda ke shayar da shinkafar da ke ƙasan madatsar. Na ba shi labarin ramukan nan uku, da shawarar da jauro ya kawo ta dasa jema a gaɓar rafin da aka gama haƙa, don saiwarta tana nitsewa ta riƙe ƙasa, ga shi kuma ana yin zana da ita.

Ruwan da ya fita daga Lagdo yana haɗuwa da Mayo Kebbi kafin Garwa, shi kuma daga Chadi ya taso, ta wajen Lere da ƙasar Pala, inda su ma ake haƙar zinare. Daga nan sai Yola, Numan, Makurɗi, har Lokoja inda ya faɗa Kwara, wato kogin Neja. Mutanen Najeriya sun san sunan Lagdo saboda ambaliyar 2012 da ta 2022, kuma duk damina ana jiran sanarwar buɗe ƙofofinta. Hukumar kula da kwarin kogin Neja da ke Yamai ta haɗa ƙasashe tara, Kamaru, Chadi da Najeriya na ciki. Yadda ake sanar da juna yawan ruwan da za a saki, haka ya kamata a riƙa sanar da juna abin da ke cikin lakarsa da kifinsa.

Kafin in tafi Kawu ya kai ni wurin sarkin ruwan unguwarsu, na maimaita masa bayanin daga farko. Ya ce zai kai maganar awon taron masunta na gaba, kuma in ana tara kuɗin mota don a kai samfurin inda ake aunawa, shi zai fara sa nasa. Da na isa Garwa na tarar Alhaji ya riga ya aiko da saƙo cewa sauran masu sikeli na sansanin suna son tukwanen ƙonawa, kowa tasa, kuma a kai kafin hanya ta yanke. Baƙin bututu na wannan kaurin ya yi wuya a kasuwa a lokacin, wanda ake samu mai farin shafi ne, shi kuma sai an ƙone shafin sarai a fili kafin a yi aiki da shi, don hayaƙinsa ma yana sa zazzaɓi. Na sa yaran rumfa suka hura wuta a bayan gida, muka fara da wanda muka samu.